Na Yi Azumi, Na Yi Alkawari, Amma Na Koma wa Giya

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina shan giya a ɓoye, har ta kai idan ban sha da safe ba hannuna rawa yake yi. Na yi azumi, na yi wa Allah alkawarin dainawa, amma na sake komawa, yanzu kuwa kunya ta hana ni zuwa sujada. Shin alherin Allah ya ƙare a kaina ne? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗana, alherin Allah bai ƙare a kanka ba. Sai dai kafin mu je ga wannan, rawar hannun da ka ambata ta fi gaggawa, domin alama ce ta cewa jikinka ya saba da giyar har ba ya iya zama lafiya in babu ita. Wanda ya kai wannan mataki, idan ya yanke shan farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, abin da kan kai ga rasa rai. Saboda haka kada ka sake ɗaukar azumi kai kaɗai a ɗaki da niyyar yanke ta da ƙarfin tsiya. Ka je wurin likita, ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha, akwai magungunan da ake bayarwa domin a raba jiki da ita cikin kulawa. Zuwa asibiti ba raunin bangaskiya ba ne, kuma duk wanda ya gaya maka haka ya cuce ka, ko da a kan bagade ya faɗa.

Game da alkawarin da ka karya, ina ganin ka ɗauki alheri kamar ladan da za a ba ka bayan ka tsarkake kanka. Romawa 5:8 ta nuna akasin haka, cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Manzo Bulus da kansa ya koka a Romawa 7:19 cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. A Titus 2:11-12 kuma ya bayyana cewa alherin da ya kawo ceto shi ne yake koya mana ƙin mugayen sha'awace-sha'awace. Akwai waɗanda Allah yake 'yantawa a dare ɗaya, ba na musun shaidarsu, amma da yawa a hankali yake fitar da su, da tuntuɓe a hanya, kuma ba su gaza na farkon a wurinsa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ɓoyewar. Jaraba tana ƙara ƙarfi ne a inda ba mai gani, shi ya sa Yakubu 5:16 ta umarce mu mu furta wa juna zunubanmu, mu kuma yi wa juna addu'a domin mu warke. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta mashaya masu taimakon juna su daina giya, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a Amurka a 1935, a kan wannan ta ginu: mashayi ya amince cewa shan ya fi ƙarfinsa, ya miƙa kansa ga Allah, ya kuma faɗi gaskiya a gaban wani mutum.

Ka nemi dattijo ɗaya a ikkilisiyarku mai riƙe amana, wanda ba ya mai da sirrin mutane labari da sunan roƙon addu'a, ka buɗe masa cikinka, ka ba shi izinin tambayarka kai tsaye kowane mako. Ka lura da lokutan da sha'awar take taso maka da abokan da take zuwa tare da su, ka kira shi kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Ranar Lahadi mai zuwa ka koma sujada ko da ba ka daina ba tukuna, sannan ka roƙi dattijon ya raka ka wurin likita cikin makon nan.