Cain ko Adama: Wa Ke da Iko da Fursunan da Ke Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni da ƙanena, wanda yake shirin shiga aikin soja, muna kallon shirin talabijin na yaƙin sararin samaniya mai suna Battlestar Galactica tare, kuma mun kai inda Admiral Cain da Kwamanda Adama suka ja daga a kan fursunoni. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaron nan ya tsaya kai da fata cewa Cain ce mai gaskiya. A cewarsa, maƙiyin da ya faɗo hannunka ya zama naka, kuma idan dukansa zai ceci rayukan mutanenka, ƙyale shi sakarci ne. Na rasa hujjar da zan ba shi, kuma ina tsoron ya shiga bariki da wannan tunani. Don Allah, a doka wane ne mai gaskiya a tsakaninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki yana kan hanya, domin tunanin da saurayi ya shiga bariki da shi yakan rigayi duk abin da za a koya masa a aji zama a zuciyarsa.

Ki fara da ba ƙanenki gaskiyar da yake da ita, don kada ya ɗauka son rai ne. Cain ta fi Adama muƙami, kuma da jirginta Pegasus ya bayyana a zango na biyu, a fitowar da aka nuna a watan Satumban 2005, Adama da kansa ya sara mata ya miƙa mata jagorancin rundunar. Saboda haka tayar da jiragen yaƙi da ya yi domin ƙwato mutanensa biyu daga hannunta tawaye ne a kowace dokar soja. Shi ma hannunsa ba fes yake ba. Ya taɓa rushe kwamitin bincike mai zaman kansa da ya ga binciken ya juyo inda ba ya so, abin da Cain ta goranta masa a fuskarsa, kuma ya taɓa tura dakaru suka kama Shugaba Laura Roslin ya kulle ta a jirginsa.

Sai dai laifin Cain wani iri ne dabam. Ita ce ta ba Laftanar Thorne izinin tatsar bayani daga Sharon, fursuna mai juna biyu daga cikin Sailon, wato na'urorin da ke yaƙar 'yan Adam a shirin, waɗanda wasunsu ke da siffar mutane, wadda ke tsare a Galactica, jirgin Adama, kuma Thorne ya je ne da duka da niyyar fyaɗe. Helo da Tyrol, mutanen Adama biyun nan, suka faɗa ɗakin suka janye shi, kansa ya bugi ƙarfen bango ya mutu. Cain ta kwashe su zuwa jirginta, ta saurari bayani ita kaɗai, ta yanke musu hukuncin kisa cikin ɗan lokaci, tana kafa hujja da cewa lokacin yaƙi ya ba ta faffaɗan iko. Wadda ta aiki mamacin ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, kuma ita ce mai tabbatar da hukunci, ga shi babu lauya mai kare su kuma babu inda za su ɗaukaka ƙara. Lokacin yaƙi yana iya gajarta shari'ar soja, amma ba ya mayar da mutum alƙali a shari'ar da laifinsa ne tushenta.

Akwai kuma wadda matasa suke mantawa da ita idan suna wannan musu, wato Roslin, shugabar farar hula da ke saman hafsoshin biyu, wadda Cain ba ta ɗauka a bakin komai ba. Tun a zango na ɗaya an nuna muhimmancin wannan matsayi, lokacin da ruwa ya yi ƙaranci aka buƙaci masu haƙo ƙanƙara, aka waiwayi fursunoni 1,500 da ke jirgin Astral Queen. Roslin ta ƙi yarda a mayar da su bayi, ta ce sai wanda ya amince, a kuma saka masa da sassaucin zaman gidan yari.

Yanzu ga asalin hukuncin. A duniyar shirin babu Yarjejeniyar Jeniba, amma Ronald Moore da abokan aikinsa sun rubuta shi ne domin Amurkawan da suka ga hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Guraib na Iraƙi a watan Afrilun 2004, don haka da ma'aunin duniyarmu ya dace a auna shi. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Jeniba ta Uku ta 1949 ya fayyace cewa fursunan yaƙi yana hannun ƙasar da ta kama shi ne, ba hannun sojan ko rundunar da ta kama shi ba, kuma ƙasar ce ke ɗauke da alhakin duk abin da ya same shi. Sojan da ke riƙe da makullin ɗaki mai tsaron amana ne kawai. Wannan ne ya sa wurin da ya fi nauyi a wajena a duk rikicin shi ne inda Adama ya je ya tsaya gaban Sharon, likita yana duba raunukanta, ya ce abin ya faru a jirginsa kuma a ƙarƙashin kulawarsa, ya ba ta haƙuri da bakinsa. Ya gane cewa tsare mutum nauyi ne a wuyan mai tsaron, ita kuwa Cain ta ɗauke shi a matsayin ganima.

Na san ƙanenki zai ce Gina, fursunar Sailon da ke Pegasus, 'yar leƙen asiri ce da ta ci amanar jirgin har aka yi asarar rayuka. Gaskiya ne ɗan leƙen asirin da aka kama cikin shigar burtu ba ya samun matsayin fursunan yaƙi, kuma ana iya gurfanar da shi a hukunta shi. Amma sashe na 75 na Ƙarin Yarjejeniyar Jeniba ta Ɗaya ta 1977 ya ba duk wanda ke hannu kariya daga azaba da wulaƙanci da hukunci ba tare da shari'a ba, ko wane suna aka laƙaba masa. Idan kuma ya ce ai Sailon na'ura ce, ki tambaye shi wace na'ura ce take zubar da jini, take jin yunwa, take ɗaukar ciki. Marubutan da gangan suka yi haka, domin duk mai azabtarwa yakan fara ne da cire wa wanda ke gabansa sunan mutum.

To, bari in tsaya a kan rabin maganarsa na biyu, domin shi ne kuskuren da nake cin karo da shi kullum, a bakin ɗalibai, a bakin masu kaki, har da masu kiran kansu masana tsaro a rediyo da Facebook waɗanda ba su taɓa zama a ɗakin bincike ba: wai idan aka matsa wa mutum zai faɗi gaskiya. Wanda aka matsa wa zai yi magana, wannan babu shakka. Zai faɗi abin da ya lura kana son ji domin ka daina, kuma kai mai dukan ba ka da hanyar rarrabe gaskiyarsa da ƙaryarsa, domin da ka san amsar da ba ka tambaya ba. Mutumin da ba shi da laifi ma ya fi saurin ƙago labari, tun da ba shi da wata gaskiya da zai fanshi kansa da ita. Daga nan sai a kwashi jami'ai da motoci a bi sunayen da ya ambata, a kamo wasu bayin Allah, su ma su sha na jaki su ambaci wasu, ainihin mai laifi kuwa yana can yana harkokinsa.

Shirin da kansa ya nuna wannan sau biyu, kuma ina mamakin yadda mai kallo zai tsallake shi. A zango na ɗaya an kama wani Sailon mai suna Leoben, ya ce ya dasa makamin nukiliya a ɗaya daga cikin jiragen ayarin. Wannan shi ne misalin da masu kare azaba suka fi so, wato bam yana gab da tashi kuma ga wanda ya san inda yake. Starbuck, hafsar Adama da aka ba aikin yi masa tambayoyi, ta sa dakaru suka yi masa jina-jina, suka riƙa danna kansa cikin bokitin ruwa har numfashinsa ya kusa ɗaukewa, su ɗago shi yana tari yana haki, su sake dannawa. Sa'o'i suka shuɗe ba ta samu komai ba sai maganganun da suka rikita ta. Da Roslin ta iso ta sa aka kwance shi ta yi masa magana ta mutunci, nan take ya ce babu wani bam. Abin da ta yi bayan haka, na sa a buɗe ƙofar jirgi a wurga shi sarari bayan ta ba shi tabbacin tsira, kisa ne ba tare da shari'a ba kuma saɓa alkawari ne, kuma ba zan wanke ta ba don ina goyon bayan mulkin farar hula.

Na biyu ya fi wannan muni. Mutanen Pegasus sun daɗe suna dukan Gina suna yi mata fyaɗe, har ta koma kwance a ƙasa cikin sarƙa, ba ta magana ba ta motsi. Duk wannan bai gaya wa Cain amfanin baƙon jirgin da ke bin ayarin Sailon ba, tambayar da Thorne ya kai wa Sharon ke nan. Sai da masanin kimiyya Baltar ya sa aka cire sarƙar, ya ajiye mata abinci, ya zauna yana yi mata magana, sannan ta bayyana cewa jirgin ne ke ba Sailon sabon jiki bayan mutuwa, kuma ta faɗa ne domin tana so a rusa shi ta mutu mutuwar da babu dawowa. Ki kuma tuna wa ƙanenki ƙarshen lamarin. Gina ce ta harbe Cain, kuma ita ce daga baya ta tayar da makamin nukiliya a jirgin Cloud 9, wanda alamarsa ta jawo Sailon har inda mutane suka ɓuya.

Idan ya ce wannan ƙagaggen labari ne, ga na gaske. An kama Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda ake zargi da alaƙa da Alƙa'ida, a ƙarshen 2001, aka kai shi Masar, inda ya ce Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida a kan makamai masu guba. Colin Powell, Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, ya kafa hujja da wannan bayani a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairun 2003, aka shiga yaƙin Iraƙi a watan da ya biyo baya, sannan a 2004 mutumin ya janye maganarsa ya ce ya ƙaga ta ne domin a daina gana masa azaba. A watan Disamban 2014 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto a kan mutum 119 da hukumar leƙen asiri ta CIA ta tsare. Rahoton ya ce aƙalla 26 daga cikinsu bisa kuskure aka riƙe su, an yi wa Khalid Shaikh Muhammad azabar ruwa sau 183, kuma hanyoyin ba su zama ingantacciyar hanyar samun bayani ba. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da ƙwararru ce ta gwada, ta kuma rubuta sakamakon da hannunta. Duk da haka gobe za ki ji wani ya buɗe baki gaba gaɗi yana cewa a ba shi ɗan ta'adda na minti goma ya ga ko ba zai yi magana ba.

Ko da azaba tana aiki wani lokaci, haramcinta bai rataya a kan rashin amfaninta ba. Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ta ce babu wani yanayi na musamman, yaƙi ne ko dokar ta-ɓaci, da zai zama uzuri, kuma umarnin na gaba ba hujja ba ne. Masu cewa wannan dokar Turawa ce su koma tarihin fursunonin Badar. Sayyidina Umar ya nemi izinin cire haƙoran Suhail bin Amr, mai kaifin harshen da ya addabi Musulmi, Manzon Allah (SAW) ya hana, kuma Suratul Insan ta jera fursuna tare da miskini da maraya cikin waɗanda mutanen kirki ke ciyarwa. Mu kuma a nan mun ga abin da ke faruwa idan wanda ke hannu bai kai gaban alƙali ba, domin a ƙarshen watan Yulin 2009 sojoji sun kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda, ya mutu a hannunsu ba a gurfanar da shi ba, duk abin da ya sani game da ƙungiyarsa da masu taimaka mata ya bi shi kabari.

Tun da ƙanenki da ƙaramin muƙami zai fara, ya kamata ya san a kan wa kaya ke faɗowa. A shari'ar Abu Guraib, Charles Graner ya samu ɗaurin shekara 10, Lynndie England ta samu shekara 3, dukansu ƙananan sojoji ne, yayin da Birgediya Janar Janis Karpinski mai kula da gidajen yarin aka rage mata muƙami zuwa kanar. A Najeriya, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata, ba ta kuma karɓar uzurin cewa oga ne ya ce a yi, sannan sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Ki zaunar da shi ku sake kallon tambayoyin Leoben da na Gina, ki ba shi takarda ya rubuta kowane bayani na gaskiya da aka samu, da hanyar da aka bi aka same shi.