Akwatin Tambaya: "Kowa da sunan da yake kira na, ban da nawa"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Gombe ne, a Tudun Wada na tashi. Mahaifina ɗan ƙabilar Tera ne daga wajen Deba, amma ni ko "zo in kashe ka" ba na ji da yarensu. In na je ƙauye su ce ga Bahaushen birni ya zo. A cikin gari kuma, da maganar neman aure ta taso, sai na ji ana cewa ai ƙabila ne. Na je bautar ƙasa Kudu, shekara guda cur sunana "aboki". Wallahi ji nake kamar ba a ganina. Wane littafi zan karanta da ya taɓo irin wannan?
Ɗanka, daga Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Wasiƙarka ta kwana uku a aljihuna kafin na iya amsawa, domin ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kakata ta wajen uba Bageriya ce. Ina tuna ta a tsakar gidanmu a Bauchi tana ɓarar gyaɗa tare da wata tsohuwa ƙawarta, suna hira da Geranci suna dariya har da hawaye, amma da zarar mu yara mun matso sai su juya harshe zuwa Hausa. Ta rasu ban kwashi komai daga bakinta ba sai gaisuwa. Ga shi kuwa Malam Yakubu da ya kafa masarautar Bauchi, almajirin Shehu Usmanu, daga cikin Gerawa ya fito. Saboda haka da ciwon a jikina nake ba ka amsa.

Fara da na gida. Nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Da yawanmu mun karanta shi don cin jarrabawa, ba mu lura cewa tambayarka ce ta buɗe littafin ba: babban malami yana zaune a Rauta, kusa da Bauchi, sai wani almajirinsa ya tambaye shi asalinsa. Amsar ita ce littafin gaba ɗaya. Yaro ne daga Kagara da aka sace yana ƙarami, ya bi ta hannun masu cinikin bayi har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi ya raine shi kamar ɗansa. Sai dai ni ba Umar ne ke hana ni barci ba, uwarsa ce. Ta fito neman ɗanta da 'yancinta, aka mayar da ita baiwa a hanya, ba wanda ya tsaya ya saurari ko ita wace ce. Ka karanta sashenta a tsanake.

Sannan ka shiga Invisible Man na Ralph Ellison, Baƙar fatar Amurka, wanda ya fito a 1952. Ma'anar sunan ita ce mutumin da ba a gani, kuma a ganina babu littafin da ya kama abin da ka faɗa kamarsa. Mai ba da labarin ba shi da suna tun daga shafin farko har na ƙarshe. Yana zaune a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a birnin New York, ya jera ƙwan lantarki 1,369 suna ci dare da rana, don shi kansa ya tabbatar yana nan. Ba aljani ba ne, mutane ne suka ƙi ganinsa. Kowa ya dube shi, abin da ke ransa yake gani. Shugaban kwalejinsu, wanda shi ma Baƙar fata ne, ya ba shi wasiƙun neman aiki a rufe, yana ta yawo da su ofis ofis cike da fata, ashe abin da ke ciki shi ne kada a ɗauke shi. Ya samu aiki a kamfanin fenti inda ake ɗiga baƙin ruwa ɗigo goma a bokiti don farin fentin ya ƙara haske. Wata ƙungiyar siyasa ta ɗauke shi, ta raɗa masa sabon suna a takarda, ta yi amfani da bakinsa. Ka lura da wannan sosai: har masu cewa suna ƙaunarsa ba su gan shi ba. Turancin yana da nauyi, littafin kuma da kauri. Ni sai da na ajiye shi sau biyu kafin na kai ƙarshe, don haka kada ka karaya a babi na uku.

Akwai wani wuri a The Bluest Eye na Toni Morrison, na 1970, da nake so ka gani. Yarinya Pecola ta shiga kanti da kwabbai uku a hannu za ta sayi alewa. Mai kantin ya dubi inda take, amma idonsa bai sauka a kanta ba, har ƙyamar taɓa tafin hannunta yake yi wajen karɓar kuɗin. Yarinyar nan kullum addu'arta Allah Ya ba ta shuɗin ido irin na 'ya'yan Turawa. Duk ranar da na ga 'yan matanmu a layin masu man bilicin sai ta faɗo mini. Amma ina gargaɗinka, akwai labarin fyaɗe mai tayar da hankali a ciki, ba littafin da za ka bar wa ƙannenka a kan tabarma ba ne.

In kana son wanda zai ɗaga maka gwiwa, ga tarihin Malcolm X, ɗan gwagwarmayar Baƙar fatar Amurka, da Alex Haley ya rubuta tare da shi, ya fito a 1965. Yana yaro ya ce wa malaminsu lauya yake so ya zama, malamin ya ce ya nemi kafinta, shi ya dace da irinsa. Ya yar da sunan Little da kakanninsa suka gada daga iyayengijinsu, ya sa X a gurbin sunan da ya ɓace. A 1964 ya yi aikin Hajji, ya ci abinci kwano ɗaya da masu farar fata, tunaninsa ya sauya. A shekarar ce ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Americanah na Chimamanda Adichie, na 2013, shi ma ya taɓo batun, kuma ya fi sauƙin karantawa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe yayin karatun. Ciwon Amurka na launin fata ne, ya samo tushe daga bautar da aka yi ta ɗaruruwan shekaru. Namu a nan na asali ne da yare da takardar shaidar zama ɗan ƙasa ta ƙaramar hukuma. Wanda ya ce maka ƙabila, fatarku ɗaya, wataƙila sahu ɗaya kuke sallah. Kada ka kwaso fushinsu ɗungurungum ka sauke a Tudun Wada. Shi ya sa na sa Ɓalewa a gaba.

Kuma in akwai tsohuwa da ta rage a gidanku na Deba, ka je mata da goro da wayarka wannan hutun, ka ce ta kirawo maka sunayen kakanninka ɗaya bayan ɗaya da Teranci, ka naɗa. In ka gama Ellison ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda ka ga wasiƙun nan na shugaban kwalejin.