Amsa ga 'yar'uwar da mahaifinta ya tafi ya bar su

'Yar'uwa, kin ce mahaifinki ya bar ku a Agege tun kina ƙarama, har yau kuma duk wanda ya nuna miki so, sai zuciyarki ta ce shi ma tafiya zai yi. Kina tambaya ko akwai magani.

Akwai. Sau da yawa yaro ba ya iya ɗora wa iyayensa laifi, shi ya sa yake ɗora wa kansa, ya girma da tunanin cewa bai cancanci a zauna da shi ba. Wannan ƙullin ne masanin halayyar ɗan Adam zai zauna da ke ku warware, zama bayan zama. Ki je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ki ce masanin kike son gani. Kada surutun "asibitin mahaukata" ya hana ki, masu damuwa irin taki ma suna zuwa.

Rubutun da kika ce kina yi da dare, don Allah kada ki daina. Ki rubuta wa baban wasiƙar da ba za ki aika ba, ki faɗi komai, har fushin. Yafiya kuwa, kada kowa ya matsa miki, ki ci gaba da addu'a, ki tafi da takardun da kika rubuta ranar zamanku na farko da masanin.