Amsa: ɗalibai suna haddace kimiyya amma ba sa ganewa

Malam, ka ce ɗalibanka na ƙaramar sakandare suna haddace darasin kimiyya tsaf amma da an juya musu tambaya sai su yi tsit, ga shi ba ku da ɗakin gwaje-gwaje. Ni dai shawarata ka rage yawan rubutu a allo ka bari su ga abu da idonsu su taɓa da hannunsu, ko da gwaji ɗaya ne a sati. Kunna kyandir ka kife shi da kofin gilashi, idan ya mutu sai ka shigo da maganar oksijin, cewa kusan kashi 21 cikin 100 ne na iskar da muke shaƙa kuma da shi wutar take ci. Batir da waya da ƙaramin kwan fitila ma sun isa a nuna yadda lantarki ke zagayawa.

Amma fa da sharaɗi, kafin gwajin ka sa kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa. Farkon koyarwata ba na yin haka, sai yaran suka mayar da abin kallon siddabaru, a yi tafi a tashi, ranar jarrabawa ba abin da ya zauna. Da na kawo kofi biyu, babba da ƙarami, na ce wanne kyandir zai riga mutuwa, sai gardama ta kaure a aji, kuma waɗanda suka faɗi ba daidai ba su ne suka fi riƙe darasin. Ashanar dai kai za ka riƙe, kar ka ba su.