Amsa ga Hajiya kan makarantar Faransawa ta Abuja

Hajiya, kin tambaya ko ɗanki mai shekara 9 da bai jin Faransanci zai iya shiga Lycée Marcel Pagnol, da kuma me ake koyarwa a can.

Manhajar ta gwamnatin Faransa ce, irin wadda ake bi a Faris. Yaro kan fara ajin rainon yara yana shekara 3, ya yi firamare shekara 5, ƙaramar sakandare 4, babba 3, sannan ya zauna jarrabawar bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare ta Faransa. A sakandare maki bisa 20 ake bayarwa, kuma malamansu ba sa sakin hannu. Yaro ya kawo 14 kada ki ɗaure masa fuska, ya yi ƙoƙari. Tun aji ɗaya suke koyon rubutu mai haɗe a littafi mai ƙananan layuka, abin sha'awa. A shekarar ƙarshe dole kowa ya yi falsafa.

Shekara 9 dai an ɗan makara, domin lissafi da tarihi da kimiyya duk da Faransanci ake yi. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaye su ko suna da darasin tallafi ga sababbin shiga, ki kuma nemi a zagaya da ke ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje da filin wasa ranar da yara ke ciki.

Ki sani ba a koyar da addini, sai ki riƙe masa Islamiyya da yamma. Shekarar karatu kuma a Satumba take farawa, gara ki nemi gurbi tun kafin damina.