Muryar da aka turo kan laifi, zunubi da saɓo

Assalamu alaikum ƴan uwa, ƙanwata na ji tambayarki, wai laifi da zunubi da saɓo duk abu ɗaya ne ko kuwa, kuma daga ina muka samo su. To bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da ƙarar janareto.

Laifi dai, duk da kunne na jin ta kamar gadon kaka da kakanni, Larabci ce, daga al-aib. Bahaushen da ya fara ara ya haɗiye ta ne har da "al" ɗin, ya kuma mai da b ta koma f, kamar dai yadda al-kitab ya zama littafi, al-imam ya zama liman. Daga baya kuma aka sake aro ta a matsayin aibi, shi ya sa muke da su biyu, amma fa aikinsu ya rabu, laifi aikata shi ake yi, aibi kuwa a jikin abu yake, a ce yadin nan ba shi da aibi.

Zunubi ma Larabci ce, jam'i ce ma a can, tilonta zanbu, mu muka mai da ta guda ɗaya muka ƙara mata zunubai. Ita tsakaninka da Allah ce. Mai adaidaita ya bi wanwe ɗan KAROTA, wato jami'in kula da hanya na Kano, ya tare shi, ai ba zai ce masa ka yi zunubi ba, cewa zai yi ka karya doka, kawo tara.

Saɓo ita ce tamu, daga saɓa, an ce bi nan ka bi can, kun saɓa hanya. Daga nan saɓani ma ya fito.

Wadda ta fi burge ni keta haddi, don haddi asalinsa iyaka ne, irin na gona, wato mutum ya ratsa ya shiga inda ba nasa ba, shi ya sa ake faɗinta a kan mutunci, ba ka ce wa ɓarawon kaza ya keta haddi sai dai in ya haura katanga ya shiga cikin matan aure.

Na zamani kuma da Turanci suka shigo, sumoga, fawul a ƙwallo, amma ofsaid mun rama, satar gida muke cewa, kuma wallahi ta fi tasu daɗi. Caji na ya kusa ƙarewa, rashawa da almundahana sai anjima.