Ya biya ni fiye da kuɗin fassara, yana so in aika ragowar ga wani

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lakwal ce a Tawa, ina kuma yin fassara daga Faransanci zuwa Hausa idan na samu sarari. Wani mutum ya rubuto mini ta imel, ya ce yana Beljiyam, yana so in fassara masa takarda mai shafi 30 a kan abincin yara, wadda za a raba a wani taro a Yamai, kuma in yi musu tafinta ranar taron. Na yanka masa Yuro 600, ya amince nan take. Sai ya aiko da cek na Yuro 2,100, ya ce akawunsa ne ya haɗa kuɗina da na wanda zai kama musu masauki. Na kai cek ɗin banki, kuma saƙo ya shigo wayata cewa kuɗin yana cikin asusuna. Yanzu kullum sai ya rubuto, wai in aika wa mai masaukin Yuro 1,500 ta Western Union kafin Juma'a. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron riƙe haƙƙin wani. Tunda kuɗin ya riga ya shiga, akwai hasarar da zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki aika ko dala ɗaya, kuma kada ki taɓa kuɗin da kike gani a asusun. Abin da kika bayyana tsohuwar damfara ce da ta daɗe tana bin masu fassara da tafintoci a ƙasashe da yawa, kuma kusan kowane mataki nata yana cikin wasiƙarki: amincewa da farashi ba tare da tayi ba, biyan kuɗi kafin a ga aiki, kuskuren akawu, mutum na uku da za a aika wa ragowa, da ranar da aka gindaya don a hana ki tunani.

Jimlarki ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, domin ita nake ji kusan kullum daga bakin abokan sana'a, har da waɗanda suka shekara ashirin suna aikin: "ai kuɗin ya riga ya shiga." Saƙon da ya shigo wayarki bai ce kuɗin ya zama naki ba. Idan aka kai cek na ƙasar waje banki a nan, bankinki ba shi da kuɗin a hannu, takarda kawai ya karɓa, kuma dole ya tura ta zuwa bankin da sunansa yake jikinta, sau da yawa ta hannun wani banki na tsakani, ya jira a ce masa an biya ko ba a biya ba. Wannan tafiya tana cin makonni. Kafin amsar ta dawo, banki yana iya rubuta adadin a asusunki bisa sharaɗin cewa idan cek ɗin ya dawo ba a biya ba, zai janye abinsa. Ki duba takardar da aka ba ki ranar da kika ajiye cek ɗin, ko yarjejeniyar da kika sa wa hannu lokacin buɗe asusu, ki nemi kalmomin "sauf bonne fin", domin da su bankunanmu suke rubuta wannan sharaɗi. Lamarin ya yi daidai da mai kanti da ya miƙo miki kaya ya rubuta sunanki a littafin bashi: kayan suna hannunki, amma ba a gama magana ba.

Yanzu ki yi lissafi da sefa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kusan sefa 656, farashin da ba ya motsi. Yuro 1,500 da ake so ki aika ya kusa jaka 984. Wannan kuɗi na gaske ne, daga hannunki zai fita, kuma da zarar kin ba mutumin lambobi 10 na saƙon Western Union, wani zai karɓe shi cikin ƴan mintoci a garin da ba ki sani ba, galibi da takardar shaida ta jabu. Kuɗin da aka riga aka karɓa a can ba ya dawowa. Bayan mako uku ko wata guda amsa za ta iso cewa cek ɗin na bogi ne, ko an sace shi, ko asusun da aka rubuta shi a kai an daɗe da rufe shi. A ranar banki zai cire Yuro 2,100 gaba ɗaya, fiye da sefa miliyan 1 da jaka 377, ya ɗora miki kuɗin dawowar cek. Idan babu abin da zai cika giɓin, albashinki na koyarwa da yake shiga asusun ne zai riƙa biya wata bayan wata. Dukan damfarar a kan wannan rata ta tsaya, tsakanin kuɗin da yake fita cikin minti biyar da takardar da take ɗaukar makonni kafin a tabbatar da ita.

Akwai masu cewa wannan matsalar cek ce kawai, idan ta waya aka turo daga banki zuwa banki to shi ke nan. Wannan ma kuskure ne. Wani lokaci ba a turo komai ba, hoton takardar tura kuɗi aka haɗa a kwamfuta, da tambarin banki da sa hannu, sannan a ce kuɗin ya maƙale sai kin biya wani haraji kafin a sake shi. Wani lokaci kuma kuɗi na gaske ne ya shigo, amma daga asusun wani bawan Allah da aka yi wa kutse. Idan mai asusun ya farga, bankinsa zai nemi a mayar, kuma sunan da zai bayyana a takardu a matsayin wanda ya karɓi kuɗin sata ya kuma tura shi gaba naki ne. Bankuna a Nijar suna da wajibin kai rahoton hada-hadar da suke shakka ga CENTIF, hukumar da take bin diddigin kuɗin haram, kuma bayani a gaban masu bincike ba abu ne mai daɗi ba ko ga mai gaskiya.

Ina jin takaicin shawarwarin da ake rabawa a zaurukan WhatsApp na masu sana'armu. Wani zai ce ki jira kwana biyar, in bai koma ba ya zauna. Babu wata doka mai kama da haka. Wani zai ce yana da ɗan'uwa a banki wanda ya tabbatar masa cewa abin da ya shiga ya shiga, alhali wanda yake zaune a bakin kanta abin da yake kan allonsa kawai yake gani, shi ne kuma abin da kika gani a wayarki. Wani ma zai ce ki cinye kuɗin tunda na ɓarawo ne, ya manta cewa babu kuɗin ɓarawo a ciki, na banki ne da za a tambaye ki. Mafi muni su ne masu fitowa bayan an yi hasara suna cewa su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka damfara, a ba su kafin alƙalami. Waɗannan damfara ta biyu ce a kan ta farko.

Game da tsoron riƙe haƙƙin wani, wannan hali ne mai kyau, kuma shi ɗin ne suke farauta. Sun san mai kwaɗayi zai iya gudu da ragowar, mai amana ce za ta yi sauri ta mayar. Idan da gaske an biya ki fiye da kima, hanyar sauke nauyin guda ɗaya ce: kuɗi ya koma ta hanyar da ya zo, ta hannun banki, zuwa ga asusun da ya fito, bayan banki ya tabbatar a rubuce cewa an biya. Ba a mayar da shi ga wani na uku, kuma ba aikin mai fassara ba ne biyan kuɗin masaukin baƙi. Ki rubuta masa haka a layi biyu. Mai gaskiya zai gode miki, shi kuwa wannan zai soma da magiya, ya koma barazanar kotu, sannan ya yi shiru.

Gobe da safe ki je banki, ki nemi mai kula da asusunki, ki gaya masa kina zargin cek ɗin, ki bar masa wasiƙa mai kwanan wata, a buga miki hatimi a kan kwafinki. Kada ki goge saƙonnin imel, ki adana ambulan da cek ɗin ya zo a ciki. Ki kai ƙara komisariya ko wurin jandarma. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet, kuma ko ba a kama kowa ba, takardar ƙarar ita ce shaidarki cewa ke aka nufa da cuta.

Don gaba, ki ɗauki jimla ɗaya daga takardar da aka ba ki ki saka a Google, sau da yawa za ki tarar an kwafo ta ne daga wani tsohon rahoto. Ki duba adireshin imel harafi bayan harafi, domin kamfanin fassara na gaske ba kasafai yake rubutu da Gmail ba, kuma ƴan damfara suna canza harafi ɗaya a sunan kamfani sananne. Ki nemi lambar kamfanin a shafinsa ki kira da kanki, ki duba sunansa a Blue Board na shafin intanet na ProZ, inda masu fassara suke rubuta yadda aka biya su. Idan mutum ya ce yana da matsalar ji saboda haka ba zai iya magana ta waya ba, ki sani wannan uzuri ya yawaita a irin waɗannan wasiƙu.

Ba ki faɗi ko kin tura masa takardar tarihin aikinki ko hoton katin shaidarki ba. Idan kin tura, ki sanar da waɗanda kike yi wa aiki adireshinki na gaskiya tun yanzu, domin akwai masu sace tarihin aikin mai fassara, su canza imel ɗin kawai, su karɓi aiki da sunanta su miƙa fassarar na'ura. Aikin shafi 30 ɗin kuma ki dakatar da shi daga yau.